Soson Babur da Ƙafar Inna

Daga Baba

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da lafiyar wannan aiki naka da ya fi mu daraja. In ka damu da tamu lafiyar, ni dai ga ni nan, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma ban faɗi ba. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in ce maka ta samu sauƙi. To na faɗa, tunda ta sa ni. Tela maƙwabcinmu ne ke riƙe da biro, ni nake magana, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya, don ɗinkinsa ma ba gyaruwa yake ba.

Gaskiyar magana, gyambon diddigenta bai rufe ba. Malamin asibiti ya ce ciwon suga ne ke hana shi warkewa, dole a riƙa kai ta wanki kowane mako, kada a tsallake. Ya ce in aka yi sakaci ƙafar ce za ta tafi. A gabanta ya faɗa, ko kunya babu. Ita kuwa dariya ta yi, ta nuna ni ta ce masa, "Ɗan nan, in za ku ɗauka ku haɗa da ta Malam, tasa ta fi tawa lalacewa."

Ka san hanyarmu, in ba ka manta ba. A gangara kwari, a ratsa busasshen rafi inda yashi ke kama mutum har idon sawu, a hau tudun duwatsu, sannan a ga rufin asibiti. Mota ba ta bi. Tifar da ke ɗibar yashi a bakin rafi take tsayawa ta juya ta nufi wajenku, ita ce ma ke kai maka wannan takarda. Saboda haka babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu da ka bar mana, shi ne ƙafar uwarka. In ya kwanta, ta kwanta.

To ya fara kwanciya. Da safe sai in yi ta buga kik har gumi ya jiƙa mini riga kafin ya yi tari. In ya tashi, baƙin hayaƙi ne ke fita daga salansa kamar an cinna wa taya wuta. In na murɗa totur sai ya shaƙe kamar an maƙure shi, ya yi kamar zai mutu. Mai kuwa yana shan sa kamar raƙumi. Na kwance fulogi na ga kansa baƙi ƙirin, busasshen baƙi irin na gindin tukunya. Na kankare da wuƙa na mayar, ya yi kwana biyu ya koma gidan jiya. A zuwanmu na ƙarshe a tsakiyar tudu ya mutu, uwarka tana bayana ta rungume ni, muna komawa da baya. Ba don na dafa dutse da ƙafa ba, da yanzu wata takardar kake karantawa.

Mai Faci na bakin kasuwa ya ce in kawo ya buɗe injin. Mutumin da ya taɓa mayar mini da taya a juye, ya kuma rantse haka kamfani ya yi ta! Na ce masa ya buɗe bakinsa dai, shi ne abin da ya iya buɗewa.

Ni na haifi bakanike. Ni na sayar da bijimina aka kai ka koyon aiki. Yau kana can kana gyara wa kamfanin hanya katafila, ubanka yana nan yana roƙon ƙarfe ya tashi. Wayar da ka aiko a kwarin nan ba ta kama komai, uwarka ke haska ƙarƙashin gado da ita. Ban ce ka zo ba, kada ka ce na ce. Ka dai rubuto abin da zan yi, dalla-dalla, yadda tsoho jahili zai gane.

Ubanka.

Daga Auta

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna da jiki, Allah ya ba ta lafiya ya ƙara maka ƙarfi. A gaida Baba Tela, na gode da wahalar rubutu. Ni lafiya lau, sai dai an matsar da sansaninmu gaba cikin daji, shi ya sa direban tifa bai same ni da wuri ba.

Na karanta bayaninka, kuma ka yi bayani fiye da wasu masu kawo mana aiki. Abu uku inji ke so, Baba, mai da wuta da iska. Tunda yana tashi ko da ƙyar ne, wuta tana nan. Busasshen baƙi a kan fulogi da baƙin hayaƙi suna nuna mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Kafin komai ka duba cok, ɗan hannun nan da ake ja don inji ya tashi da sanyi, kada ya zama a janye yake tun safe ba a mayar ba. In cok lafiya, to ina zargin soson iska.

Ga yadda za ka yi. A gefen babur, ƙarƙashin wurin zama, akwai murfin roba. Ka kwance shi, za ka ga soso a cikin akwati. Ka zare shi a hankali. A nan tsakar gida, inda aka yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ka buga kik ba tare da soson ba. In ya tashi garau, mun kama ɓarawon. Wannan gwaji ne kawai, Baba, ka kashe shi nan take. Sai ka wanke soson da kananzir, ka sake wankewa da ruwan sabulu, kada ka murɗe shi kamar wanki, matsawa za ka yi a tafin hannu. Ka shanya a inuwa ya bushe sarai. Ka ɗiga masa sabon baƙin mai ka matse har ya ratsa ko'ina, sannan ka mayar. Man nan shi ke kama yashi. Kada ka hau hanya babu soson.

Kada ka taɓa sukurorin kafireta. Na san hannunka.

Akwai wata magana kuma, don Allah ka saurare ni har ƙarshe. Hanyar nan ko matashi tana ba shi wuya, balle da mara lafiya a baya. Gidan Yaya yana kusa da asibiti, da ƙafa ma ana zuwa. Me zai hana Inna ta zauna can har gyambon ya rufe? Kai ma ka huta da gwiwarka. Na san abin da ke tsakaninka da mijin Yaya, amma wannan maganar ƙafa ce.

Na nemi hutu, shugabanmu ya ce sai an gama gada. Ina nan ina bibiya.

Ɗanka, Auta.

Daga Baba

Auta,

Takardarka ta iso, mun ji kana lafiya, madalla. Innarka ta sa Tela ya maimaita mata wurin gaisuwarta har ya gaji. Jikinta yana nan yadda yake. Gyambon bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Zan fara da abin da ya fi ci mini rai. Wato kun zauna kai da yayarka kun yanke cewa na tsufa, a kwashe mini mata a kai gidan surukina Mai Shago. Kada ka ce ba haka ka rubuta ba, na sa Tela ya sake karantawa, "ka huta" ka ce. Gawa ce ke hutawa. Matar nan tun ba a haife ku ba nake ɗaukar ta, a keke na kai ta haihuwar yayarka, ruwa yana dukanmu. Yau ni ne ban iya ba?

Kuma gidan wa? Mutumin da na je shagonsa, na yi sallama, ya bar ni a tsaye a rana yana auna wa wata mata sukari. Da ya ga dama ya tura mini bokiti a kife da ƙafa, wai in zauna, alhali ga kujera wani mai sayen batir yana kai. Da ƙafa, Auta. Uban matarsa. Tun ranar na ce inuwar gidansa ma ba zan shiga ba, kuma ban shiga ba. Na tambayi uwarka ko tana son zuwa. Ta ce, "In na tafi wa zai hana ka ƙona mini tukwane?" Ka ji amsarku.

Yanzu babur. Nan kam ka yi abin kai, ba zan hana ka naka ba. Cok lafiya yake. Na kwance murfin, na zaro wani abu kamar mataccen ɓera, ya yi tauri da datti. Na buga kik sau ɗaya. Auta, sai da kaji suka watse! Ƙararsa har Tela ya fito da allura a baki. Hayaƙin nan baƙi ya ɗauke kamar ba a taɓa yi ba.

Soson na wanke shi yadda ka ce. Da na matsa, gefe ɗaya ya yage, yana marmashewa a hannu. Na dube shi na dubi babur. Abin da ya shaƙe shi shekara da shekaru, in sake cusa masa a hanci? Ko ɗan adam ka toshe masa hanci da tsumma ba zai hau tudu ba. Ka ce kada a bar wurin a buɗe, na ji, ban bar shi a buɗe ba. Na yanko gidan sauro sabo, Tela ya ninka ya ɗinke bakin, na ɗaure da roba tam. Ko ƙuda ba zai wuce ba. Ku 'yan kamfani komai sai na kanti, mu nan da abin da ke hannu muke rayuwa.

Ragowar soson ma bai tafi a banza ba. Wajen da bai lalace ba na sake wanke shi har ya daina wari, na yanke shi daidai diddige, na huda tsakiya, na sa mata a takalmi. Yanzu in ta taka gyambon ba ya taɓa ƙasa. Ta ce tun da ciwon nan ya fara ba ta ji daɗin taku irin wannan ba. Har bakin rijiya ta je da kanta.

A zuwanmu na wannan makon, cikin yashin rafi muka bi bayan tifa, ƙura ta rufe mu ba ma ganin gabanmu, amma babur ko tari bai yi ba. Tudun nan a giya ta biyu ya cinye shi. Uwarka tana dukan bayana tana cewa, "Malam, asibiti za ka kai ni ko lahira?" Malamin asibiti da kansa ya ce yau kun yi sammako.

Ka gaya wa yayarka ta bar ɗakinta ta zuba kayan shago.

Ubanka.

Daga Auta

Baba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ka yafe mini gajarta gaisuwa, direba yana jira injinsa a kunne.

Don girman Allah kada ka sake hawa babur ɗin nan da gidan sauro. Ba ƙuda muke tsoro ba, yashi ne. Ƙurar da ke wucewa ta ramin gidan sauro ita ce mai kisa. Tana shiga ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin fistin da ringi da bangon silinda duk bugun da inji ya yi. Ƙarfin da kake ji yanzu na ɗan lokaci ne.

Ga alamun da za ka gane ta fara ci. Kik zai yi laushi, ƙafa ta riƙa tafiya ƙasa ba turjiya. Hayaƙi zai koma fari mai shuɗi-shuɗi. Baƙin mai zai riƙa raguwa ba tare da ka ga yana zuba ba. In ka ga ko ɗaya, an riga an yi nisa, ka tsaya cak. Daga nan wata safiya zai ƙi tashi, kuma babu kankare fulogin da zai tashe shi.

Na ba direba sabon soso a leda, na riga na jiƙa shi da mai, sawa kawai za ka yi. Ka juye tsohon baƙin mai ka zuba sabo. Kafin ya iso, ka roƙi Mai Faci ya kai Inna a nasa babur, ko na zuwa ɗaya ne. Na san ba ka son sa. Ka ƙi shi bayan ta warke.

Ban ce ka tsufa ba, Baba. Ban taɓa zama da Yaya a kanka ba. Tsoro nake ji, shi ke nan.

A nuna wa malamin asibiti soson da ke cikin takalmin, ya ce ko ya dace.

Auta.

Daga Baba

Auta,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko gaisuwar jahili tana isa inda kake ba. Wata ya fita wani ya shiga, ko layi ɗaya ba mu gani daga gare ka ba. Tela ya ce tifa ce ta daina zuwa, wai sun koma ɗibar yashi a wani rafin. Tela mutum ne mai neman wa kowa uzuri. Ni na san fushi ka yi don na ƙi bin umarninku. Wannan takardar malamin asibiti zan ba, ya ce motar magani tana bi ta kusa da sansaninku. In ka ga dama ka karanta.

Innarka kullum da rana sai ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, wai tana shan iska. Hanyar rafi take kallo. 

Jikin nata da sauƙi da ba sauƙi. Gefen gyambon ya yi fari ya yi laushi, yana ɗan ruwa. Malamin asibiti ya ga soson takalmin ya ɓata rai, ya ce yana riƙe danshi, ya jefa a kwandon shara a gabana. Abin da ya sa ta taka ƙasa! Yaron da bai kai ka ba. Na haɗiye don ita. Ya ce yanzu ne ma ba a son a tsallake wanki ko sau ɗaya.

Yayarka ta zo. Da ƙafa ta ratso rafin, ta iso fuska duk ƙura, ta durƙusa ta gaishe ni, kafin ta sha ruwa ta fara. Baba a bar Inna ta zo. Baba ɗaki yana nan an share. Baba mijina ya ce a ba ka haƙuri in ya taɓa yi maka laifi. In ya taɓa! Wato ma bai san ya yi ba. Na ce mata bakin da ya aiko ki yana da ƙafa, ya tako da kansa. Ta yi kuka, uwarka ta yi kuka, ni na fita na zauna wajen babur har ta tafi.

Shi babur, tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka don ka san ba mu mutu ba da ka yi shiru. Ya saba da ni yanzu. Kik ɗin nan da yake ƙin tafiya sai na hau shi da dukan nauyina, ya yi laushi kamar ana taka katifa. Gwiwata ta samu sa'ida, ko uwarka za ta iya bugawa. Baƙin hayaƙi bai dawo ba. Wani fari-fari yake yi mai ɗan shuɗi, mai tsabta, ka ga alamar cikinsa ya wanku. Sai dai ya koyi shan baƙin mai, kowane zuwa sai na ƙara masa, na duba ƙasa kuma ban ga inda yake ɗiga ba. Na ce to, mai aiki dole ya ci. A tudu ya ɗan rage zafi, sai na sauko giya ta ɗaya, wani lokaci in taimaka masa da ƙafa. Ina jin man da ake sayar mana ne suke haɗawa da wani abu.

Gidan sauron yana nan daram. Na buɗe na duba, tas yake, babu abin da ya maƙale a jiki, ba kamar soson nan naka da ke tara datti ba.

Mai Faci ya ga hayaƙin a kasuwa, ya biyo ni yana ɗaga hannu, wai Baba tsaya in gaya maka wani abu. Na ƙara wuta na bar shi da baki a buɗe.

In kamfani ya bar maka hannun rubutu, uwarka tana jira. Ni ba na jiran kowa.

Ubanka.

Daga Auta

Baba,

Ina gaishe ku. Takardarka ta hannun motar magani ta same ni, na karanta a tsaye. Ashe amsata ba ta iso ba. Na rubuto tun tuni, na haɗa da sabon soso. Na je neman direban, an ce yana wani rafi, saƙon yana cikin motarsa. Ba fushi na yi ba, wallahi.

Baba, laushin kik ɗin nan ba sabawa da kai ba ce, injin ne ke mutuwa. Yashi ya cinye cikinsa. Gidan sauron yana da tsabta ne don komai ya wuce ta cikinsa. Yau ko gobe zai ƙi tashi.

In wannan ta same ka yana tashi, zuwa ɗaya ya rage masa. Ka ɗauki Inna da kayanta ka kai ta gidan Yaya ka bar ta can. Ba sai ka shiga ba, ka tsaya a waje in ka so. Ka zage ni, ka ce ba ni ne ɗanka ba, amma ka kai ta.

Na sake shiga wajen shugabanmu, ya ce wanda ya tafi kafin a gama gada kada ya dawo. Ina neman wanda zai riƙe mini wurina.

Auta.

Daga Baba

Auta,

Gaisuwa. Ni lafiyata ƙalau. Innarka tana da rai. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi kana nema.

A barandar asibiti muke, Tela ya ɗora takarda a gwiwa. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna, a nan. Ta motar magani tana ajiye a teburin malamin asibiti tana jiran mu zo wanki, mu kuwa ba mu zo ba. Ɗayar direban tifa ya kawo har nan da ledar soso, yana ta ba da haƙuri. Tela ya karanta mini su a jere. Da ya zo wajen laushin kik da farin hayaƙi sai muryarsa ta tsaya, na ce ci gaba, ba kai aka rubuta wa ba.

Ga yadda aka yi. Ranar wanki na shirya ta, na fito da babur, na buga. Ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka iska. Na buga har rana ta take. Na kankare fulogi, na gasa shi a wuta, na mayar. Ni da Tela muka tura shi a gangaren kwari, ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, sai da muka sha wuya kafin mu dawo da shi sama. Uwarka tana zaune a ƙofa da mayafinta da takalmi ɗaya a hannu. Ta ce, "Malam, bar shi, gobe ma rana ce."

Gobe bai tashi ba. Na ce mai ne, na juye tanki na tace da ƙyalle. Na ce kafireta ce, na kwance ta, ka ce kada in taɓa amma ba ka nan. Tela ya ce a kira Mai Faci, na ce a bari in gwada abu ɗaya tukuna. Kullum akwai abu ɗaya da ya rage. Ni na riƙa wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri, yadda na ga ana yi. Ba ta yi ƙorafi ba. Ka san ta. Mako ya wuce, wani ya bi shi.

Wari ne ya fara gaya mini. Ta karɓe wankin ta ce za ta riƙa yi da kanta, ta riƙa rufe ƙafar da zane ko a cikin zafi, in na shigo ta ce in buɗe taga wai ɗakin ya yi ɗumi. Da na yaye zanen da ƙarfi na ga yatsun. Ba zan sa Tela ya rubuta kalarsu ba. Jikinta kuma kamar garwashi, tana kiran sunan yayarka tana kallona.

Muka ɗora ta a kan mataccen babur, na ɗaure ta da zane a jikin tanki, ni ina riƙe da kan babur, Tela yana turawa ta baya. Tsofaffi biyu. Yashin rafin nan da nake ratsawa kafin in gama tsaki, ranar na san tsawonsa. Taya tana nutsewa, mu ɗaga, ta sake nutsewa. A gindin tudun duwatsu gwiwata ta ce ta gama. Na zauna a ƙasa na riƙe babur da kafaɗa kada ya faɗi da ita. Tela ya hau tudu neman mutane.

Mai Shago ne ya sauko. A guje, ba takalmi, ya bar shagon a buɗe. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya kwance zanen ya goya ta a bayansa kamar jaririya ya hau da ita. Ina biye da rarrafe. Wannan abin da ya faru ne, na sa a rubuta don ba na ƙarya. Maganar bokiti tana nan inda take.

Likita babba ya duba bai daɗe ba. Ya tambaye ni me ya hana mu zuwa. Na ce babur ne ya lalace. Ya dube ni, ya ce babur. 

Sun yanke daga ƙasan gwiwa. Ta hagu.

Ta farfaɗo, zazzaɓin ya sauka. Jiya ta ce mini, "Malam, diddigen nan yana mini ƙaiƙayi, sosa mini." Na tsaya. Ta ce, "Sosa mana, ko shi ma sai an rubuto maka daga kamfani?" Na sa hannu na sosa zanen gado inda babu komai. Ta ce yawwa, ta rufe ido.

Kai ka ce in cire soson. Na san ka ce wasu abubuwan bayan haka, amma kai ka fara cewa in cire. Da kana gida da hannunka za ka yi, ba da biro ba. Ban ce ka bar aikinka ba. Yanzu ma ba abin da za ka zo ka tarar wanda zuwanka zai mayar.

Da aka zo maganar sallama, yayarka ta dube ni, ni na dubi uwarka. Ba ta jira na yi magana ba. Ta ce gidan 'yarta za ta, har dungulmin ya warke. Na ce tukwanen fa? Ta ce, "Ƙona su." Ba ta ce za ta dawo ba, ba ta kuma ce ba za ta dawo ba.

Babur yana wajen Mai Faci, shi ya je ya jawo shi daga gindin tudu ba wanda ya sa shi. Ya buɗe injin ya lakato wani abu a yatsa kamar toka da mai ya nuna mini, na ce na gani, ba makaho ba ne ni. Ya ce sai sabon fistin da ringi, a kuma kai silinda birni a gyara. Ka aiko da su, masu kyau, kada ka ba direban tifar nan.

Sai abu na ƙarshe, kuma ka amsa shi dalla-dalla. In an gyara, zan je in ɗauko ta. Amma ka san a tudun nan da ƙafa biyu take maƙale babur, ta danne matakin hagu in mun karkata wajen rami. Yanzu ba abin da za ta danna da shi. Na yi ta tunani, ko a ƙera wani ƙarfe a gefen, ko a ɗaure ta a jikina, ko ta zauna a karkace. Kai ne bakanike. Ka rubuto mini yadda ake zaunar da mai ƙafa ɗaya a bayan babur ba ta faɗo ba.

Ubanka.